Za a Hau Sama

Da soja suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun jama'a, mutanen Madabo sun ga abubuwa iri-iri. Sun ga fosta a jikin kowace katanga, sun ga atamfa mai hoton ɗan takara, sun ga sabulu da taliya ana rabawa jajibirin zaɓe. Wuta ce dai ba su gani ba. Sai a zango na uku na mulkin farar hula wani kansila, da Allah ya haɗa shi da wata ƙungiyar Turawa masu neman inda za su yi alheri a ɗauki hoto, ya kawo wa lungunsu sola. Farantai arba'in da takwas aka jera a saman gidan Alhaji Mamman, don shi kaɗai ke da rufin siminti, sauran duk soron ƙasa ne da azara. Aka zuba batura a wani tsohon shagonsa da ke bayan gidan, aka ja waya zuwa gidaje talatin da 'yan kai, da ɗan asibitin sha-ka-tafi, da injin markaɗe biyu, da shagon teloli. Aka yi jawabi, aka yi tafi. Turawa suka koma ƙasarsu, kansila kuma ya faɗi zaɓe.

Makullin ɗakin batir Malam Isyaku mai gyaran rediyo aka damƙa wa. Ba don ya fi kowa boko ba, sai don shekara ashirin da biyar yana buɗe cikin rediyon mutane ba a taɓa cewa ya cire sabo ya sa tsoho ba. Ba shi da gona, ba shi da mota, gidan da yake ciki ma na gado ne su biyar. Sunan nan na mai amana shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma yana ji da shi fiye da yadda Alhaji ke ji da rufinsa.

Tunda zamanin farar hula ne, ba a bar shi haka ba, sai da aka kafa masa kwamiti na mutum goma sha ɗaya. Alhaji Mamman ne shugaba, tunda samansa ne. Ɗan ƙaninsa Gambo, wanda ya yi shekara ɗaya a kwalejin fasaha kafin kwalejin ta gaji da shi, shi ne sakatare. Aikin kwamiti shi ne ya zauna ya yi muhawara kan wutar da Isyaku ya riga ya raba.

Cikin wata uku Isyaku ya fahimci halin rana. Ta fi ma'aikacin gwamnati zuwa aiki, amma ita ma takan yi fashi ba tare da ta aiko da takarda ba. Sai ya tsara abinsa. A jikin bango akwai makunni huɗu da mita mai allura. Markaɗe daga hantsi zuwa azahar kawai, lokacin da rana ke da ƙarfi. Guga ma haka. In ya leƙa ya ga hadari ya taso daga gabas, ba ya jiran allura ta faɗi, sai ya kashe layin markaɗe. In hadarin ya yi baƙi ya kashe na teloli, in ya rufe gari ya kashe na gidaje. Firjin asibiti, inda ake ajiye allurar rigakafin yara, shi kaɗai ba ya taɓawa. Dokarsa ɗaya ce, kafin rana ta faɗa bayan Goron Dutse batura su cika, kuma kada a bari su sauka ƙasa da rabi, don batirin da aka tatse ƙarƙaf ba ya komawa daidai.

Damina ta zo ta wuce a haka. An zage shi kam, babu laifi. Mai markaɗe ya taɓa biyo shi har shago da bokitin wake rabi a niƙe rabi tsaba, yana tambayarsa ko shi zai tauna sauran. Amma zagin na fatar baki ne, don kowa na ɗaga kai ya ga hadarin da idonsa, kuma ba a kai ƙarar girgije wajen mai unguwa.

Masifar sai da ta bari ruwa ya ɗauke sannan ta zo. Kaka ta yi, sama ta wanke tas, rana na ƙwallewa kamar ta fasa kai. Lokacin da ya kamata a ce wuta ta yi yawa har an rasa yadda za a yi da ita, a lokacin ne allura ta fara wani sabon salo. Da sassafe ta tashi lafiya lau. Hantsi na yi sai ta fara sauka, ta sauka, ta kwanta a kusan kashi ɗaya cikin uku, ta yi zamanta a nan har la'asar. Dole Isyaku ya kashe markaɗe da tsakar rana. Dole ya kashe layin teloli. Mutane suka fito suka ɗaga kai, babu ko ɗigon girgije, suka sauke kan suka dube shi.

Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya gwada batura, ya ƙara musu ruwa, ya buɗe inbata, na'urar da ke juya wutar batura zuwa ta gida, ya hure ta. Komai ƙalau. Saura sama.

To, a cikin birni namiji ba ya hawa sama haka kawai. Gidaje a manne suke, tsakar gidan kowa a buɗe take, wanda ya hau soro ɗaya ya ga matan gida biyar. Saboda haka ko magini ne zai yi yaɓe sai ya tsaya a lungu ya ɗaga murya sau uku, ya jira mata su shige ɗaki ko su yafa mayafi, sannan ya taka tsani. Wanda ya hau bai faɗa ba, gara a ce an kama shi da akuyar maƙwabci. Ɓarawo yakan tuba a manta, amma mai leƙen matan mutane har jikokinsa sai an yi musu gori. Isyaku kuwa ɗan unguwa ne gaba da baya. Ya jingina tsaninsa a bayan gidan Alhaji, ya gyara murya.

"Salamu alaikum! A kintsa, za a hau sama!"

Sau uku ya faɗa, ya jira kamar yadda aka saba, har ya ɗan ƙara don ladabi, sannan ya hau. Farantai arba'in da takwas suna kwance suna ƙyalli, babu ƙura, babu kashin tsuntsu. Har mamaki ya yi da irin tsabtarsu. Ya sauko ya shiga ɗakin batir ya tarar allura ta miƙe tsaye cak. Ya yi hamdala, ya kunna wa kowa. Bayan awa ɗaya ta koma ta kwanta.

Haka aka yi ta yi har mako biyu. Ya hau, wuta ta dawo. Ya sauko, ta tafi. Wasu suka ce aljanu ne ke shan inuwa a saman, wani ya kawo shawarar a yi saukar Alƙur'ani. Amma Gambo, da yake ya yi boko, ya fi ƙarfin zancen aljanu. Shi bayanin kimiyya ya kawo. A teburin mai shayi ya ce wuta ba ta ɓata, sai dai a karkatar da ita, kuma ya ji ƙishin-ƙishin masu ƙanƙara na Ƙofar Nassarawa ba su taɓa samun kasuwa irin ta bana ba. Tsakanin Madabo da Ƙofar Nassarawa tafiya ce mai rai, kuma babu wanda ya ga wayar da ta haɗa su, amma wa zai ɓata labari mai daɗi da tambayar waya? Kafin kwana biyu an ce an ga Isyaku da sabon takalmi. Takalmin shekararsa uku, wanke shi aka yi.

Ran Asabar matarsa Luba ta dawo daga gidan suna da wuri. Ta ajiye mayafi ta zauna a bakin gado, ya tambaye ta ko lafiya.

"Ina shiga suka yi shiru, Malam. Mata sun fi ashirin, kamar an ɗauke ruwa. Sai wata ta ce wai ko in sammusu ƙanƙara."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Zagin mai markaɗe bai taɓa hana shi cin tuwo ba, amma ranar ko loma uku bai yi ba.

Washegari kwamiti ya zauna. Aka yi awa biyu ana gardama kan wa zai buɗe taro da addu'a da wa zai rufe, sannan cikin minti biyar aka yanke hukunci. An ba Malam Isyaku zuwa Juma'a bayan la'asar ya kawo bayanin inda wutar jama'a ke tafiya, in ba haka ba ya ajiye makulli.

Ran Litinin da hantsi ya jingina tsani, ya yi sanarwarsa sau uku, sai ya tuna ya baro abin gwajinsa a ɗakin batir. Ya koma ɗauka. Idonsa ya faɗa kan mita, ya tsaya. Allura na tashi. Ba lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan, kamar mai hawa matakala, har ta kai ƙarshe. Shi kuwa ko ƙafa bai ɗora a kan tsani ba.

Ya zauna a kan benci ya jira ta sake kwanciya. Da ta kwanta ya fita lungu ya ƙwala, "A kintsa, za a hau sama!" ya dawo da gudu. Allura ta tashi. Ranar sau huɗu ya yi haka, markaɗe ya samu, teloli suka yi guga, kuma a tarihin lantarki ba a taɓa jin inda aka riƙe wutar unguwa da maƙogwaro ba sai a Madabo. Da yamma maƙwabta biyu suka zo suka ce don Allah ya ji tsoron Allah, matansu sun wuni shiga ɗaki da fitowa, ko girki ba a gama ba.

Yanzu ya gane. Akwai mai hawa saman nan yana jona waya, in ya ji sanarwa sai ya cire ya gudu. Wato shi Isyaku da bakinsa yake gaya wa ɓarawo ga shi nan zuwa. Ya daɗe yana juya abin a ransa. Ubansa bai taɓa hawa soro bai faɗa ba, kakansa ma haka. Amma ubansa ba a taɓa yi wa matarsa gorin ƙanƙara a gidan suna ba. Ya ce a ransa kai kawai zai leƙa, ya ga fuskar mutumin, ya sauko, ba zai dubi tsakar gidan kowa ba.

Ran Talata rana na tsaka, allura na kwance, lungu ba kowa. Ya cire takalmi ya taka tsani a hankali. Ya kai ƙarshe, ya ɗaga kai sama da katanga.

Ja ya fara gani. Barkono ne, jawur, shimfiɗe a kan farantai tun daga wannan gefe har wancan. Bayan barkono kuɓewa yankakkiya, bayan kuɓewa ganyen kuka, can ƙarshe tattasai da 'yar albasa. An shimfiɗa tsofaffin zannuwa a kan gilashin tukuna sannan aka baza kayan, an danne gefe-gefe da duwatsu. Daga cikin arba'in da takwas, waɗanda ke ganin rana ba su fi goma sha biyar ba. Can gefe mata huɗu sun ba shi baya suna tsince barkono suna hira, biyu daga ciki ko ɗankwali babu. Ya yi maza zai sunkuya, sai idonsa ya faɗa cikin na Hajiya Turai, matar Alhaji Mamman, wadda yajinta ya yi suna har kasuwar Kurmi. Taku uku ne tsakaninsu, tana riƙe da faifai.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta matso ta tsaya yadda jikinta ya kare shi daga sauran, ta yi ƙasa da murya.

"Malam Isyaku. Ban ji sanarwa ba."

Ya kafa ido a kan katanga.

"Hajiya, a yi haƙuri. Ɓarawo na zo kamawa."

"To ka kama?"

"Shanyar nan ce, Hajiya. Ita ke ɗauke wutar."

"Barkonon ne ke shan wuta?"

"Rufe shi kuka yi. Abin da rana yake aiki, in bai gan ta ba babu wuta."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ranar da aka kafa cewa aka yi kada a taɓa gilashin, ba mu kuwa taɓa ba, zani muke sawa. In mun kwashe har gogewa muke yi. Wuri ne mai zafi, ba akuya, ba kaza, abin kwana uku ya bushe a wuni ɗaya. Da mun ji muryarka muke tattarawa don mun san halinka da faɗa."

Ta dubi barkononta. Mace ce mai kai, bai ɗauke ta minti ɗaya ba ta hango inda maganar za ta.

"An ji. Daga yau an daina, zan san abin da zan gaya musu. Amma ka saurare ni da kyau. Matan mutane huɗu ne a nan, ka ga yadda suke. Ranar da ka ambaci barkono a gaban maza, Alhaji zai sha kunya a zaurensa, ya shigo ya sauke a kaina. Ni kuma sai in ce a tambayi Malam Isyaku yadda aka yi ya sani. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka ga komai ba. Sauka."

Ya sauka. Saura kaɗan ya zame a matakin ƙarshe.

Hajiya Turai ta cika alkawari. Daga Laraba wuta ta dawo kamar an buɗe famfo. Allura ta miƙe tun hantsi ba ta ƙara sunkuyawa ba, batura suka cika kafin azahar, injin markaɗe biyu suna ruri lokaci guda, teloli suka goge har kayan da ba a kawo guga ba. Isyaku ya zauna yana kallon mita, ya ji daɗi na ɗan lokaci, irin daɗin mai sana'a da abinsa ya gyaru. Sai da ya fita sallar azahar ya ga yadda ake kallonsa ana murmushi, sannan ya gane abin da ya yi wa kansa. An ba shi wa'adi ran Lahadi, wuta ta dawo ran Laraba. Ko shi aka ba wannan labarin a kan wani, ya san abin da zai ce.

Ran Juma'a bayan la'asar zauren Alhaji ya cika har waje. Fankar sama na juyawa da ƙarfinta, har tana ɗaga takardun Gambo. Shi ya fara magana, ya ce shi ba zai zargi kowa ba, tunda yanzu dimokuraɗiyya ake yi, kowa yana da 'yancinsa. Zai dai tambayi jama'a, ko aljanun ne suka ji labarin wa'adin kwamiti suka yi hijira? Aka yi dariya.

"Wallahi ban sayar da wutar kowa ba," in ji Isyaku. "A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ƙila kyauta ya bayar," in ji wani daga baya.

Liman Malam Mikail ya ɗaga hannu aka yi tsit. Dattijo ne da ya san Isyaku tun yana yaro, kuma a fili yake so yake ya fitar da shi.

"Isyaku, bar zancen rantsuwa. Ni na san ka, na san mahaifinka. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka san abin da ke ɗauke wutar nan, ko kai ma ba ka sani ba? In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, a bar wa Allah, kowa ya tafi gida."

Ga ƙofa an buɗe masa. Kalma uku ce, ban sani ba, shi ke nan. Amma shekara hamsin bai yi wa dattijon nan ƙarya ba, kuma a zauren nan ana tuhumarsa da rashin gaskiya ne zai fara? Ya dubi jama'a. Ga Alhaji Mamman a kan kujera. Ga Tanko tela, ga mai markaɗe, ga wasu biyu, bai san ko matan waɗanne ne ya gani a sama ba, kuma ba ya so ya sani. In ya faɗa, ya tashi daga ɓarawon wuta ya koma mai hawa katangar mutane da tsakar rana ba takalmi. Luba ma ba gidan suna kaɗai zai gagare ta ba.

"Na sani, Malam."

Zaure ya ɗauki guna-guni.

"To faɗa mana."

"Ba zan iya ba."

Liman ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbinsa. Wannan sunkuyawar ta fi wa Isyaku ciwo a kan duk dariyar da aka yi.

Aka kaɗa ƙuri'a, tunda zamaninta ne. Goma suka ɗaga hannu, liman bai ɗaga ba, bai kuma hana ba. Isyaku ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Gambo ya ɗauka tun bai gama sanyi ba. Isyaku ya buɗe baki zai ce masa in ya ga hadari kada ya jira allura, ya fara da markaɗe, kuma kada ya taɓa layin asibiti, amma Gambo ya riga ya juya yana karɓar barka.

Sai Alhaji Mamman ya yi gyaran murya. Ya ce shi mutum ne mai son rufin asiri. Saman gidansa ya bayar don Allah, kuma an ci amanar jama'a a ƙarƙashin rufinsa, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Amma tunda wuta ta dawo, mai laifi kuma ya amsa da bakinsa cewa ya sani, ba za a kai maganar gaba ba. Ɗan Adam ajizi ne. Shi dai a madadin kwamiti da iyalinsa baki ɗaya, ya yafe.

Aka yi ta sa masa albarka, ana Allah ya ƙara girma, Allah ya bar mana irinku. Sannan zauren ya yi shiru, duk aka juyo ana jiran Isyaku, don wanda aka yafe wa akwai abin da ake so ya ce.

Ya durƙusa a gaban Alhaji, idonsa na kan tabarma.

"Na gode, Alhaji," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."